Lanƙwasasshiyar Hanyar Saukar Jirgin Sama: Zanenta da Izininta

1.0 Gabatarwa

Mutumin unguwar Dougoï a birnin Marwa, idan tafiyar jirgin sama ta kama shi, filaye biyu ne a gabansa. Ko dai ya nufi Salak, kimanin kilomita 20 kudu da gari, ko kuwa, idan tafiyar babba ce irin ta aikin Hajji, ya shiga mota ya yi kilomita 200 da 'yan kai zuwa Garwa. A watannin hunturu akwai abin da yakan riga shi isa duka filayen biyu, wato hazo. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta a kan arewacin Kamaru da ƙasar Hausa, har rana ta koma kamar farin faifai. A irin wannan rana jirgi yakan zo saman gari, a ji ƙararsa, ya yi shawagi, sannan ya juya ya nufi wani filin. Masu rakiya da masu tarye sai su naɗe tabarmi su koma gida.

Tambayar da mutane kan yi ita ce, tun da yanzu ko ɗan acaɓa yana da wayar da ke nuna masa inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, me ya hana jirgin sama, duk da tsadarsa, ya bi tauraron ya sauka? Amsar ita ce yana bi. Akwai ma wani salon sauka wanda jirgi ke bin lanƙwasasshiyar hanya, ya kewaye dutse ko ya bi bakin kogi, alhali matuƙi ba ya ganin komai ta taga. Ma'aikatan jiragen sama suna kiran wannan salo RNP AR. Haruffa ukun farko gajartawa ce ta kalmomin Ingilishi masu nufin "gwargwadon daidaiton bin hanya da ake buƙata", biyun ƙarshe kuwa suna nufin "sai da izini". Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake zana irin wannan hanya, da dalilin da ya sa haruffa biyun ƙarshe suka fi na farkon nauyi.

Mai karatu ya lura da kalmomi uku. "Titi" a nan shi ne shimfiɗar kwaltar da jirgi ke sauka a kai. "Hanya" ita ce layin da yake bi a sararin sama, wanda ba a ganinsa sai a takarda da allon matuƙi. "Gangarowa" kuwa ita ce saukowa sannu a hankali daga bisa har a kai bakin titi.

2.0 Miƙaƙƙiyar Hanya

Tun shekarun 1940 manyan filayen jiragen sama suke amfani da na'urar da ake kira ILS. Eriya biyu ce ake kafawa a ƙasa. Ɗaya tana can ƙarshen titi, tana gaya wa jirgi ko ya yi dama ko hagu. Ɗayar tana gefen titi, tana gaya masa ko ya yi sama ko ƙasa da gangaren da ya kamata ya bi. Gangaren yawanci digiri 3 ne, wato jirgi yana sauko da kimanin mita 52 a kowace kilomita guda. Na'ura ce amintacciya, kuma har yau babu babban filin da ya yi watsi da ita.

Sai dai saƙon rediyo ba ya lanƙwasuwa. Dole jirgi ya daidaita kansa da titi tun yana da nisan kilomita 10 ko fiye, ya biyo a miƙe. Idan akwai dutse a kan wannan layi, to, ko dai a haƙura da na'urar, ko a ɗaga matakin da matuƙi zai tsaya a kai har ta zama ba ta da wani amfani a ranar da aka fi buƙatarta. Bugu da ƙari, na'ura ɗaya baki ɗaya kawai take yi wa aiki, alhali kowane titi baki biyu gare shi, kuma iska ce ke zaɓar wanda za a sauka ta kansa. Tana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa, tana son shinge, tana kuma son jirgin awo ya riƙa zuwa yana gwada ta.

Garin da ya fi kowa ɗanɗana wannan matsala shi ne Juno, hedkwatar jihar Alaska a Amurka. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasar, duwatsu sun kewaye shi, gajimare kuma ba ya rabuwa da shi. Ran 4 ga Satumba 1971 wani jirgi ƙirar Boeing 727 ya yi karo da dutse yana gangarowa Juno, mutum 111 da ke ciki suka rasu. A 1996 kamfanin Alaska Airlines ya fara bin wata hanya da aka zana a cikin kwamfutar jirgi, wadda ta bi ta mashigin ruwan Gastineau, duwatsu dama da hagu. Wani matuƙin kamfanin, Steve Fulton, shi ne ya jagoranci aikin. Daga nan salon ya yaɗu. A 2005 aka buga irin wannan hanya ga filin jirgin saman Reagan na birnin Washinton, inda ba dutse ake gudu ba: jirgi yana bin kwanar kogin Potomac ne domin kada ya ratsa saman fadar shugaban ƙasa.

3.0 Abin da Lambar RNP ke Nufi

Taurarin GPS suna yawo ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Jirgi yana buƙatar saƙon huɗu daga cikinsu kafin ya san inda yake, na biyar domin ya gane cewa akwai mai yi masa ƙarya a cikinsu, na shida kuma domin ya gane wane ne ya fitar da shi daga lissafi. A nan ne bambancin wayar ɗan acaɓa da kwamfutar jirgi yake. Waya takan nuna wa mai ita yana tsakiyar kogi alhali yana kan gada, kuma ba za ta ce masa ta yi kuskure ba. Jirgin RNP kuwa dole ya riƙa auna kansa da kansa, idan ya daina amincewa da lissafinsa ya gargaɗi matuƙi nan take. Sanin inda ake abu ne mai sauƙi a yau. Sanin cewa ba a sani ba shi ne abin da ake biyan kuɗi a kai.

Kowace hanya ana ba ta lamba da mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne. Idan aka ce RNP 0.3, ana nufin jirgi zai kasance cikin mita 556 daga tsakiyar layin a kashi 95 cikin 100 na lokacin tafiyarsa. Lamba mafi ƙanƙanta da ake amfani da ita ita ce 0.1, wato mita 185. Mai zane yakan ninka wannan lamba biyu a kowane gefe, ya ce a cikin wannan faɗi ne kawai zai kula da duwatsu da dogayen gine-gine. Ga RNP 0.1 ke nan mita 370 dama, mita 370 hagu. Abin da ya wuce nan ba ya cikin lissafi, ko da dutsen ya fi jirgin bisa.

A tsofaffin hanyoyi ba haka ake yi ba. Bayan faɗin da aka ware, akan ƙara wani rara a gefe da gefe saboda kuskuren na'ura ko na ɗan'adam. RNP AR ba ta da wannan rara, kuma rashinsa ne ya ba ta damar kutsawa tsakanin duwatsu. Jirgin da ke gudun kilomita 260 a awa yana cin mita 72 a daƙiƙa guda, saboda haka idan ya sa kai gefe, daƙiƙa biyar ta ishe shi ya cinye mita 370. Duk binciken da za a ambata a ƙasa farashin wannan rara ne da aka cire.

3.1 Turke da Igiya

Wanda ya taɓa ganin akuya ɗaure a turke ya riga ya fahimci yadda ake lanƙwasa hanyar jirgi. Idan ta ja igiya ta miƙe, ta yi ta kewayawa, sawunta da'ira ce, kuma ko sau nawa ta kewaya a kan sawu ɗaya za ta bi. Haka mai zane yake yi. Yakan zaɓi wuri guda a taswira ya zama turke, ya ƙayyade tsawon igiya, ya sa alamar inda kwana za ta fara da inda za ta ƙare. Ana kiran wannan yanki na hanya RF. Kwamfutar jirgi ce ke riƙe igiyar: idan iska ta tura jirgi waje ta ƙara karkata fiffike, idan ta turo shi ciki ta rage.

Kafin zuwan wannan dabara jirage suna yin kwana, amma kowa da tasa. Babban jirgi mai gudu yakan yi kwana mai faɗi, ƙarami ya yi matsattsiya, iska kuma ta ƙara nata. Saboda haka dole a bar fili mai yawa a wajen kwanar. Da RF kuwa, babba da ƙarami sawu ɗaya suke bi.

Tsawon igiyar ba son rai ba ne. Jirgin da ke gudun kilomita 370 a awa, idan ya karkata digiri 20, yana buƙatar igiya ta kusan kilomita 3. Idan iska ta biyo bayansa ta ƙara masa kilomita 55 a awa, sai igiyar ta koma kusan kilomita 4, domin faɗin kwana yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Ke nan mai zane ba ya lissafi da rana mai daɗi. Yana ɗaukar iska mafi muni da ake tsammani a wannan bisa, ya tabbatar jirgi zai iya riƙe kwanar ba tare da ya wuce iyakar karkatar da aka yarda ba, sannan ya rubuta iyakar gudu a jikin taswira. Haka kuma dole kwana ta ƙare, jirgi ya miƙe ya fuskanci titi, tun yana da aƙalla mita 150 a bisa.

4.0 Aikin Mai Zane

A ɗauka an ce a zana wa Garwa ko Salak irin wannan hanya. Aikin ba a ofis yake farawa ba, a daji yake farawa, da masu awon ƙasa. Garwa tana bakin kogin Binuwai, da duwatsun Tinguelin ta arewa. Marwa kuwa tsaunuka sun tokare ta, ga dutsen Mindif tsaye shi kaɗai ta kudu maso gabas, ga jerin duwatsun Mandara ta yamma. Dutse ma ya fi sauƙi, domin yana nan inda aka bar shi. Abin da ke ba mai zane ciwon kai shi ne ƙarfen sabis na wayar salula da aka kafa bara, da hasumiyar masallaci da aka ƙara wa tsawo, da turakun babbar wayar lantarki. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a sake duba kowace hanya aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, a kuma nemi izini kafin a kafa dogon abu kusa da filin jirgi.

Akwai kuma batun ma'aunin taswira. Tsofaffin taswirorin zamanin Turawa kowane yanki da tushen awonsa: Nijeriya tana da tushen Minna, arewacin Kamaru ma akwai wanda ake kira da sunan Garwa kanta. Tauraro bai san waɗannan ba. Shi ma'auni ɗaya ya sani, WGS-84, wanda hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa kowace ƙasa daga 1 ga Janairu 1998. Bambancin tsohon awo da sabo yakan kai gomman mitoci, wani lokaci fiye da ɗari. Ga matuƙin da ke bin eriya wannan ba komai ba ne, domin eriyar tana nan a ƙasa komai taswira ta ce. Ga wanda ke bin lambobi kuwa, inda lamba ta ce titi yake nan zai nufa.

Sai batun zafi, wanda ya fi shafar wannan yanki. Mutane da yawa suna zaton tauraro ne ke gaya wa jirgi bisansa a wannan salon sauka. Ba haka ba ne. Tauraro yana kula da dama da hagu. Sama da ƙasa kuwa tsohon ma'aunin nauyin iska ne ke kula da su. An gina wannan ma'auni a kan zaton cewa zafin iska a gaɓar teku digiri 15 ne. A Garwa, wadda bisanta bai wuce mita 250 ba, zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Iska mai zafi buɗewa take yi, saboda haka jirgi yakan kasance sama da abin da ma'auni ke nunawa da kimanin kashi 10 cikin 100, gangaren digiri 3 ya koma kusan 3.3. Jirgi mai nauyi, cike da alhazai da kayansu, idan gangare ya yi tsini yakan iso bakin titi da sauri fiye da kima. A ƙasashen sanyi akasin haka ne, kuma ya fi haɗari, domin can jirgi ƙasa yake yi. Don haka kowace taswira tana ɗauke da iyakar sanyi da iyakar zafin da aka yarda a bi ta. Ngaundare kuma tata matsalar daban: tana bisa tudun Adamawa, mita 1,100 daga gaɓar teku, inda iska ba ta da kauri, jirgi yana gudu fiye da abin da ma'aunin gudu ke nunawa, igiyar kwana kuma ta ƙara tsawo.

Rabin aikin mai zane a kan hanyar da ba a fatan a bi yake, wato hanyar fasa sauka. Idan matuƙi ya iso matakin yanke shawara bai ga titi ba, ina zai bi ya fita? Idan a daidai wannan lokaci tauraro ya ɗauke fa, ga shi yana tsakiyar duwatsu? Wannan ya sa hanyoyin da suka fi matsewa suke buƙatar jirgi mai na'urori bibbiyu, da wata na'ura ta daban mai lissafin motsin jirgi da kanta, wadda za ta riƙe shi na 'yan mintoci ba tare da tauraro ba. Ba zato ne kawai ba. Arewacin Kamaru yana cikin yankin da, bayan faɗuwar rana, wani sashe na sararin samaniya mai suna ayonosfiya yakan rikice ya sa saƙon tauraro ya riƙa ƙyaftawa. Kuma daga 2022 matuƙa sun yi ta kai rahoton toshe saƙon GPS da gangan, ko aiko da na jabu, a yankin Bahar Aswad da gabashin Bahar Rum.

5.0 Sai da Izini

Izinin ba ɗaya ba ne. Akwai na hanyar, akwai na jirgin, akwai na kamfanin da matuƙansa.

A Kamaru zirga-zirgar sama tana hannun ASECNA, hukumar da aka kafa ran 12 ga Disamba 1959 a garin Sanluwi na Senegal, wadda hedkwatarta ke Dakar. Nijar da Cadi ma suna cikinta, kuma makarantarta ta EAMAC a Yamai take. Nijeriya ba ta ciki, tana da tata hukumar, NAMA. Amma mai zane ba ya ba kansa izini. Sa ido da amincewa aikin hukumar jiragen farar hula ta ƙasa ne, wadda a Kamaru ake kira CCAA. Kafin a kai ga wannan, wani mai zanen da bai sa hannu a aikin ba zai sake lissafin tun daga tushe. Sannan a gwada hanyar a na'urar kwaikwayon tuƙi, a sa mata iska mai ƙarfi, a kashe inji ɗaya a tsakiyar kwana, a ɗauke tauraro, a ga abin da zai faru. Daga ƙarshe jirgi na gaske ya bi ta da rana tsaka, sama tana garau, masu dubawa suna leƙe ta taga ko akwai abin da taswira ta manta. ICAO ta fitar da littafin ƙa'idar wannan zane, mai lamba 9905, a 2009. Da yake masu wannan sana'a kaɗan ne a nahiyar, a 2014 ta buɗe wani shiri a Dakar, a ƙarƙashin masaukin ASECNA, domin horar da masu zane da taimaka wa ƙasashen Afirka.

Kamfani kuwa dole ya nuna wa hukumar ƙasarsa cewa jirginsa yana iya bin RF, cewa matuƙansa sun yi horo na musamman, cewa kafin tashi ana duba ko taurari za su wadata a lokacin isa, kuma cewa yana da mai tantance bayanan da ake loda wa kwamfutar jirgi. Ana sabunta waɗannan bayanai kowane kwana 28 a duk duniya. Matuƙi ba shi da ikon gyara ko lamba ɗaya a cikin hanyar; yadda ta zo haka zai ɗauko ta.

Wanda ya ga kamar wannan tsanantawa ce, ya dubi abin da ya faru a Katmandu, babban birnin Nefal, wanda ke cikin kwari kuma yake da hanyar RNP AR tun 2012. Ran 4 ga Maris 2015 wani jirgin Turkish Airlines ƙirar Airbus A330 ya biyo ta cikin hazo mai kauri. An taɓa sanar da cewa za a matsar da bakin titin, aka buga sababbin lambobi, daga baya aka janye sanarwar, amma lambobin sun riga sun shiga kwamfutar jirgi, kuma sun kauce daga tsakiyar titi da mita 20 da 'yan kai ta hagu. Jirgin ya bi lambobin daidai, ya dira a gefe, ya zarce cikin ciyawa. Babu wanda ya rasu, amma filin, wanda a lokacin shi kaɗai ne ƙofar ƙasar ta sama, ya yi kwana huɗu a rufe. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan ci gaba da sauka ba tare da an ga titi sosai ba. Tauraro bai yi kuskure ba, kwamfuta ma ba ta yi ba.

Misali na biyu ya fi kusa da ɗalibin harshe. Tun da ma'aunin bisa da nauyin iska yake aiki, dole jami'in hasumiya ya gaya wa matuƙi nauyin iskar filin a wannan sa'a, da baki, ta rediyo. Ran 23 ga Mayu 2022, a filin Charles de Gaulle na birnin Paris, an gaya wa matuƙan wani Airbus A320 da ya taso daga Sitokholm 1011 a maimakon 1001, cikin Ingilishi, suka maimaita, ba wanda ya lura. Bambancin 10 ɗin nan kimanin mita 85 ne. Ana ruwan sama, ba su ga komai ba, allonsu yana nuna komai daidai. Da suka fasa sauka, tsakanin jirgin da ƙasa bai kai mita 2 ba, kuma saura kusan kilomita ɗaya da rabi su kai titi. Miƙaƙƙiyar hanya suke bi a ranar, amma irin wannan ma'auni ne lanƙwasasshiyar ma take dogara da shi. A sararin ASECNA, inda jami'i ɗaya yake juyawa tsakanin Faransanci da Ingilishi, kuma sau da yawa babu ɗaya daga cikinsu da yake harshen uwa ga mai magana ko mai sauraro, faɗar lamba ɗai-ɗai da maimaita ta ba al'ada ce kawai ba.

6.0 Arewacin Kamaru

Shin Garwa da Salak suna buƙatar lanƙwasasshiyar hanya? Duwatsunsu na gaske ne, amma ba su matse filayen kamar na Juno ko Katmandu ba. Inda kwana za ta yi amfani shi ne wajen gajarta tafiya: jirgin da ya taso daga Yawunde, wato daga kudu, zai iya lanƙwasowa ya shiga titin Garwa, wanda ya miƙe gabas da yamma, ba tare da ya yi dogon zagaye ba, ya rage mai, ya kuma kauce wa saman gari. Sai dai hanyar da sai mai izini ke bi ba ta da amfani ga jirgin da ba shi da shi, kuma kamfanin da ke zuwa fili sau uku a mako da wuya ya kashe kuɗin horo da tantancewa saboda fili ɗaya. Babban taron ICAO na 2010 ma ba lanƙwasa ya nema ba. Abin da ya nema shi ne kowane bakin titi da ake sauka a kansa da na'ura ya samu hanya mai nuna gangare zuwa 2016, kuma miƙaƙƙiyar hanyar tauraro, wadda ba ta buƙatar wannan izini na musamman, ta isa ta biya wannan buƙata.

Abin da ya fi dacewa da yankin shi ne tsarin da ke cire ma'aunin nauyin iska daga lissafin gangare. Ana kafa tashoshi a ƙasa waɗanda aka san wurinsu daidai, suna sauraron GPS, suna gano kuskurensa, sannan a aika da gyaran ta wani tauraro zuwa ga jirage. ASECNA ta sa wa nata suna ANGA. A Satumba 2020 ta fara watsa saƙon gwaji ta tauraron Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011. An yi gwajin sauka da shi a Lome a Janairu 2021, aka yi da jirgi mai saukar ungulu tsakanin Duwala da Kiribi a Yunin wannan shekara, sannan a Abuja a 2023. Jirgin da ke bin irin wannan gyara ba ruwan gangarensa da zafin Afrilu, kuma kuskuren lamba a rediyo ba ya saukar da gangaren ƙasa.

Hazo kuwa yana nan. Duk waɗannan hanyoyi suna kawo jirgi ne zuwa wani mataki, daga nan sai ido. Ga RNP AR matakin ba ya yin ƙasa da mita 75 daga doron titi. Ga ILS ta matakin farko, da mafi kyawun hanyar tauraro mai gyara, mita 60 ne. Jirgin da ke mita 75 a gangaren digiri 3 yana da sauran kimanin mita 1,100 kafin bakin titi. Idan ƙura ta rage gani zuwa mita 800, matuƙi ba zai ga kwalta ba. Abin da zai iya gani shi ne jerin fitilun tarye da ake kafawa kafin bakin titi, waɗanda cikakken tsawonsu mita 900 ne. Su kuwa fitilun nan a wajen titi suke, wani lokaci har cikin gonakin jama'a, kuma suna buƙatar shinge, da mai gadi, da janareto mai tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi idan wutar gari ta ɗauke.